Na Ɓoye Tsagar Injin Ban-Ruwa, An Kama Ɗan Kabu-Kabu da Laifina

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu maza da mata. Ina roƙon a sakaya sunana da lambata. Kuma don girman Allah, kafin wani ya ɗaga yatsa ya rubuta mini zagi, ya daure ya karanta har ƙarshe. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa, sati uku ke nan ina yi ba hutu. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin jibi Alhamis za a zauna a kan wannan magana.

Ni malamar firamare ce a Tambuwal, matar aure, 'ya'yana uku. Mijina yana aiki a Sakkwato, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Mahaifina malami ne, irin malaman zauren nan da ake tasowa daga ƙauyuka a zo ɗaukar karatu wurinsu, kuma ake kawo wa rigima su sasanta. Dole in faɗi wannan, don ba domin sunansa ba da abin da zan ba ku labari bai faru ba. Duk garin an san abin da ya yi a zamanin da jiharmu take sabuwa, kuɗin mai na yawo kamar ba za su ƙare ba: aka sauke masa buhunan taki a ƙofar gida don ya sa baki a wata rigimar gona, ya sa aka loda su a amalanke aka mayar wa mai su da rana tsaka, kowa na gani. Ba a haife ni ba a lokacin, amma da wannan labari aka yaye ni. Duk inda na shiga ba a kiran sunana, sai dai a ce ga ɗiyar Malam.

Muna da wani zauren gwanjo a waya, mutanen Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan kewaye. Mutum ya ɗora hoton tsohon kayansa da bayani, a yi ta tayi a rubuce har la'asar ɗin washegari, wanda tayinsa ya fi na kowa sai shugabar zauren ta rubuta "an sallama", a tura kuɗi, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Doka ta farko da aka liƙa a saman zauren ita ce kowa ya faɗi aibin kayansa. Doka! Ni na san abin da dokar nan ta tsinana mini. Bara na sayi firji a zauren nan, mai shi ta rubuta "kamar sabo, yana ƙanƙara cikin awa biyu". Da aka kawo shi, wallahi randar ƙasata ta fi shi sanyi. Na yi magana, matar ta ce a hannuna ya lalace. Na kai ƙara wurin shugabar zaure, ta ce an riga an sallama, in yi haƙuri, kar in tayar musu da fitina. Ba wanda ya tsaya mini, ko mutum ɗaya. Firjin yana nan har yau, tukwane nake ajiyewa a ciki, kuma duk ranar da na buɗe shi sai raina ya sake ɓaci. Ban kawo wannan don in wanke kaina ba. Na kawo ne don ku san irin zuciyar da nake yawo da ita.

To, mijina ya taɓa gwada noman rani, bai yi nasara ba, ya watsar. Injin ban-ruwansa ya fi shekara yana zaune a tsakar gidana, yara na tuntuɓe da shi, kaji na hawa. Dalilin da ya sa aka jingine shi kuwa, tukunyarsa, wato inda ruwa ke shiga ya fita, ta tsage daga ƙasa. Mijina ya ce in na gaji da ganinsa in kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo. A kilo! Abin da aka hana mu cin nama wata da watanni aka saya. Zuciya ta ɗebe ni, na aika aka kira wani bakanike na bakin kasuwa, aka fito masa da injin soro. Ya juya injin ya duba, ya kwaɓa wani gam mai taurin tsiya ya liƙe tsagar, sannan ya ɗago ya ce mini, "Malama, in gaya miki gaskiya, wanga ba gyara ba na. In injin na da sanyi gam shina riƙewa, amma in yaɗ ɗau zafi sakewa za shi yi, shi dinga shan iska, ruwa ko ɗigo ba za shi ja ba. Sai an canza tukunyar baki ɗai." Na ce na ji. Ya fito fili ya faɗa mini, ba zan ɗora masa komai ba. Ni da bakina na ce ya shafa baƙin mai da ƙasa a wurin don kar gam ɗin ya yi ƙyalli. Ya kalle ni, sannan ya shafa.

Na wanke injin tas, ban da gindin da aka shafa wa mai. Na ɗauki hoto ta gaba, ta baya, ta sama, amma ban kifa shi ba. Na cika babban baho da ruwa, na sa aka tayar da shi, na ɗauki bidiyo na rabin minti yana feso ruwa gwanin sha'awa. Sannan na zauna na rubuta, da yatsun nan da nake riƙe alli in koya wa 'ya'yan mutane cewa ƙarya haramun ce: "Injin ban-ruwa, ya ɗan sha aiki amma lafiyarsa ƙalau, ba tsaga, ba yoyo." Wani ya tambaya a zauren, "Malama, an taɓa kai shi gyara?" Na rubuta, "Ban da juyen mai, ba a taɓa ba." Abin da nake gaya wa kaina a lokacin shi ne, ai kowa haka yake yi a zauren nan, ni kaɗai ce zan zama sakarai? Wa ya tausaya mini a kan firji?

A raina na ɗauka wani dillali ne zai saye, irin masu saye su gyara su sayar, waɗanda sun fi ni wayo. Sai ga shi wanda aka sallama wa wani manomi ne daga Fakku a ƙasar Kebbe. Zan kira shi Nomau, ba sunansa ke nan ba. Ana sallamawa ya turo mini saƙon murya, yana magana yana dariya don murna: "Ɗiyam Malam, ashe ke ta! Wallahi da nij ji kayanki na, ban ko tsaya kallon hoto ba. Shekara shidda ni yi ina ɗaukar karatu zauren Malam. Albasata ta kai lokacin da taka son ruwa, injina ya mace, sai ga Allah ya kawo naki." A nan ne ya kamata in ce masa malam dakata, akwai magana. Me na yi? Sai na rubuta masa, "Ka turo wani ya gwada shi tukuna, ya bar shi ya daɗe a kunne." Kun san me ya sa na rubuta haka? Don na san ba zai yi ba. Duk wanda ya san mutanenmu ya san ɗalibi ba ya gwada kayan da suka fito daga jinin malaminsa, kamar ya ce bai yarda da gidan ba ne. Kuma namiji baƙo ba zai shigo gidan matar aure ya tsuguna yana leƙa gindin inji ba. Haka kuwa aka yi. Ya ce, "Ni in gwada kayan ɗiyam Malam? Mutumin da yag gyara min Fatiha? Allah shi tsare ni da wanga rashin kunya." Na saurara, na ajiye wayar, na ce ai dai na ba shi dama. Da wannan na rufe bakin zuciyata.

Wanda ya ɗauki injin wani ɗan kabu-kabu ne mutumin Jabo, magidanci, wanda matan zauren suka fi ba wa saƙo saboda amanarsa. Zan kira shi Altine. Da hantsi ya ɗaure injin a bayan mashin da roba, a gabana, ya ma sa tsohon buhu a ƙasa don kar ya gogu. Allah ya ƙaddara tayarsa ta yi faci har sau biyu a hanyar Kebbe, ya tura mashin da ƙafa tafiya mai nisa, bai isa Fakku ba sai bayan la'asar. Wannan jinkirin ne ya zame masa masifa.

Washegari Nomau ya kai injin fadama. Ya yi aiki kamar minti ashirin, daidai yadda bakanike ya faɗa, sai ruwa ya tsaya. Ya kashe, ya tayar, ya zuba ruwa, ya sake tayarwa, ba labari. Lokacin kowa na fama da tasa gonar, ba mai injin da zai ba ka aro. Kwana huɗu albasar ba ta ga ruwa ba cikin zafin nan, fiye da rabi ta ƙone. Da manoman fadamar suka kifa injin suka goge baƙin man, sai ga tsaga, ga sabon gam a kai. To a nan ne nake so ku ji abin da ke ƙona mini rai. Mutum biyu kaɗai injin nan ya bi ta hannunsu, ni da Altine. Gam sabo ne, ko makaho ya shafa zai gane. Amma a duk Fakku ba wanda ya ce ko dai mai sayarwar ce. Ko mutum ɗaya! Nan take suka haɗa lissafinsu: Altine ne ya kayar da shi a hanya, ya tsaya wurin wani bakanike ya liƙe, shi ya sa ya yini bai iso ba. Nomau ya kira ni ba don ya tuhume ni ba, sai don ya ba ni haƙuri: "Ɗiyam Malam, kin ga abin da wanga azzalumi ya yi ma kayanki? Kin ba da abu lafiya lau, ya je ya fasa, ya liƙe da gam." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Subhanallahi." Shi ke nan abin da na ce.

Ina jin haushin Nomau, wallahi ina ji, ko da na san ba ni da bakin jinsa. Wane irin mutum ne zai zuba duk abin da ya tara a kan tsohon inji bai kifa shi ya duba ba? Me ya sa bai zarge ni ba? Da ya zage ni a ranar, da na yi kuka na mayar masa da kuɗinsa an wuce wurin. Ina jin haushin zauren nan da ya koya mini cewa ƙarya ba ta da hukunci. Ina jin haushin garin da ya ɗora mini rawanin mahaifina tun ina goye, har ya zama ko na yi sata sai a kama na kusa da ni. Amma duk in na gama zagaye haushin nan, kaina yake dawowa, domin ba wanda ya riƙe mini hannu na rubuta "ba tsaga".

Labari ya shiga zauren gwanjo. Matan da jiya suke yabon Altine suka yi masa ca, har da mai firjin nan, ita ce ma kan gaba wajen rubuta cewa amana ta ƙare a duniya. Shugabar zaure ta sanar kar wanda ya sake ba shi saƙo. Mashin ɗin da yake hawa ba nasa ba ne, na wani ne yake yi wa aiki, mai shi ya ji labari ya karɓe makullinsa. Ni kuwa ina karantawa, ina ganin ana rubuta "Allah ya saka wa ɗiyar Malam", ban ce uffan ba.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, mijina bai zo ba a makon, aka yi sallama a ƙofar gida. Na sa hijabi na tsaya daga bayan ƙyaure. Altine ne, ya rame, ƙafafunsa fari fat da ƙura, da alama a ƙasa ya yi rabin hanyar. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malama, kwana goma sha fuɗu ke nan ban hau mashin ba. Ɗiyana na tambayata mi ni yi, ban san abin da zan ce musu ba. Wallahi ban yas da injin ga ba, ko ƙasa bai taɓa ba sai gaban Nomau. Ban ce kin san da tsagar ba, Allah shi kiyashe ni in ce haka. Ki dai tuna, ko tana nan tun gida ba ki lura ba? Ko maigida ya taɓa kai shi gyara ba ki sani ba?" Kun ji fa. Mutumin da na jefa a rami, shi ne yake shimfiɗa mini hanyar fita, yana nema mini uzuri da bakinsa. Da na ce "wataƙila", da kalma ɗaya ta ishe shi. Amma tsoro ya rufe ni, kuma ni in tsoro ya kama ni faɗa nake yi. Na ɗaga murya na ce, "Kai Altine, mi kaka nufi? Ni za ka laƙaba ma laifinka? Ka zo har ƙofar gidana ka ce ban san kayana ba?" Ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri, Malama." Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa ya tafi. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, ƙaramar 'yata tana tambayata wa ya ɓata mini rai.

Nomau ya so ya kai maganar wurin hukuma, dangin Altine suka roƙa a yi ta a gida. Kun san wa suka amince da shi su duka biyun? Mahaifina. Jiya ya aiko in je. Na same shi a zaure bayan ɗalibai sun watse, yana kan buzunsa, idonsa ya yi rauni yanzu, sai na matsa kusa ya gane ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini. Ya ce, "Uwata, ranar Alhamis bayan azahar mutanen ga za su zo. Ban son in sa bawan Allah rantsuwa da Alƙur'ani in akwai wata hanya, rantsuwa ba wasa ta ba. Ke ad da kaya, ke kin san yadda yaf fita hannunki. Za ki tsaya bayan labule ki faɗi. In kinka ce lafiya lau yaf fita, na gama, sai in ga yadda za a yi da Altine." Na ce, "Baba, ni ma a ba ni Alƙur'anin in rantse mana." Na faɗi haka ne ina fatan ya ce to, domin na san ba zan iya ɗora hannu a kansa in yi ƙarya ba, dole gaskiya ta fito ko ban so. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke? Tun kina rarrafe ban taɓa kama ki da ƙarya ba. Maganarki ta isa." Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Mijina bai san komai ba, shi dai ya ga injin ya bar gidan ya ce madalla. In ya ji za a zauna, shi ya san da tsagar, kuma ban san ko zai rufa mini ko zai fasa ba. Bakaniken nan kuma duk ranar da na wuce bakin kasuwa sai ya ajiye abin da yake yi ya gaishe ni da ladabi fiye da kima, idonsa cikin nawa. Bai faɗa wa kowa ba tukuna. Amma ni ba tonon asirin ne ya fi damuna ba yanzu. Kuɗin Nomau suna nan, ban iya taɓa su ba, zan mayar har da ƙari in zai karɓa. Na yi tunanin in tura wa Altine wani abu a ɓoye, in roƙi mai mashin ya mayar masa. To sunansa fa? Wa zai goge "maci amana" daga bakin mutanen Jabo da Fakku in ban buɗe nawa bakin ba? In kuma na buɗe, a zauren mahaifina, gaban ɗalibansa, gaban mutumin da ya ƙi gwada injin saboda girmansa, me na yi wa tsohon nan? Shekara hamsin yana tara mutuncin da ko buhun taki bai saye shi ba, ni in zo in watsar da shi a kan tukunyar inji? Zai iya sake zama ya sasanta wani bayan an ce 'yar cikinsa ta shafa wa gam baƙin mai? In same shi gobe shi kaɗai in faɗa masa? Da wane baki? In kira Nomau tukuna? Ko in je Jabo in durƙusa wa Altine kamar yadda ya durƙusa mini?

Abu na ƙarshe, wanda shi ne ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku. Yau da safe wata mota ta sauke rabin buhun albasa a ƙofar gidana. Daga Nomau. Cikin 'yar wadda ta tsira ne, ƙanana, wasu duk sun yanƙwane. Ya haɗo da saƙon murya: "Ɗiyam Malam, ki yi haƙuri da wagga, ba yawa. Na ja an sa sunanki cikin rigima, kuma za a tashe ki ki zo shaida saboda ni. Ki yafe min."

Buhun yana madafata yanzu haka. Na kasa kwance bakinsa, warinsa ya cika gidan, yara suna tambaya ko da ita za a yi miyar yau. Jibi bayan azahar zan tsaya bayan labule, Altine na zaune a ƙasa, mahaifina zai ce, "Uwata, faɗi."

Don Allah jama'a, me zan yi?